Aljanin Littafi Ma Yana da Doka

[Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta shi]

Gaisuwa ga mutanen Alsahafa, gabas da yamma, da na Mayo da Ingaz da Kalakla, da 'yan'uwanmu na ƙetaren kogi a Umdurman, da waɗanda yaƙi ya watsa zuwa Gadarif da Kasala da sauran garuruwa, suna jin mu ta waya. Iyayenmu mata, a gafarce mu, yau shirin na 'ya'yanku ne da jikokinku. Amma kada ku yi nisa da rediyon, akwai inda za mu nemi bakinku.

Zancenmu na yau a kan mutumin da yake zama shi kaɗai ya ƙaga duniyar da babu ita: biranen da ba su cikin taswira, sarakunan aljanu, matsafa, sadaukai masu sulke, takobin da ke gane maigidansa. Ya rubuta, ya buga da kuɗin aljihunsa, ya kai kasuwa da ƙafarsa, babu kamfanin ɗab'i a bayansa, babu hukuma. A Kano ana kiran irin aikinsa littattafan yaƙi, wasu su ce labaran almara. Yaya yake ci da wannan sana'a? Yaya yake gina labarin har mai karatu ya manta da abincin da ke kan wuta? Kuma me zai hana yaron Alsahafa ko yarinyar Umbadda su gwada?

Bari mu fara da abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba. Ƙagaggen labarin Hausa na boko da aljanu ya buɗe ido. A 1933 Rupert East, Baturen da ke riƙe da Hukumar Fassara a Zariya, ya sa gasar rubuta labari. Cikin waɗanda suka shiga akwai wani saurayi ɗan shekara 22, malami a makarantar Midil ta Katsina, Abubakar Imam, ya kawo Ruwan Bagaja. Yayansa Malam Bello Kagara ya kawo Ganɗoki. Na farkon tafiya ce ta neman wani ruwa mai warkar da ɗan sarki. Na biyun ya fara da yaƙin gaske, zuwan Turawa ƙasar Hausa, sannan jarumin ya nausa gabas da ɗansa Garba Gagare har suka faɗa ƙasar aljanu. Ku lura da inda ya dosa, jama'a. Gabas. Hanyar da kakannin da yawa daga cikinmu suka biyo da ƙafa. Daga baya aka samu Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, a 1969 kuma Umaru Dembo ya ɗauki wani yaro Kilba ya kai shi sararin samaniya a Tauraruwa Mai Wutsiya.

Sai dai waɗannan duk suna da gata. Akwai hukuma ko kamfani da ke tace musu rubutu, ya buga, ya raba wa makarantu. Marubuci mai cin gashin kansa sai a shekarun 1980 ya bayyana, lokacin da tattalin arzikin Najeriya ya durƙushe, takarda ta yi tsada, kamfanin NNPC na Zariya ya kasa ɗaukar sababbin marubuta. Matasa suka ga idan suka tsaya jiran kamfani za su tsufa da rubutunsu a ƙarƙashin katifa. Suka shiga buga abinsu. Masu labaran soyayya da zaman aure su suka fi yin suna, irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, har suka kafa ƙungiyar Raina Kama. Masana suka laƙaba wa abin suna Adabin Kasuwar Kano, wasu da niyyar raini. A gefen wannan bishiya wani reshe ya tsiro, na takobi da tsafi. Duk wanda ya yi karatun littattafan Hausa a Kano ko Kaduna ko Maraɗi ya san sunan Abdul'aziz Sani Madakin Gini, wanda littattafansa na yaƙi suka cika teburan masu sayarwa. Ya san Nazir Adam Salih mai Kibiyar Ajali, wanda daga baya ya shiga rubuta finafinai. Ya san Aliyu Abubakar Sharfaɗi da ya kawo wa Hausawa labarin Malikussaif.

Wannan na ƙarshen ya shafe mu kai tsaye. Malikussaif shi ne Saifu ɗan Zi Yazan, sarkin Yaman ne na gaske, ya rayu kafin zuwan Musulunci, ya yi faɗa da Habashawa. Masu ba da labari na ƙasar Larabawa suka ɗauke shi suka yi masa 'yar'uwar shan nono aljana, suka tura shi neman wani littafi da ake kira Littafin Nilu, wanda da shi ne a cikin labarin kogin ya samu hanyar gangarawa Misira. To kun ji. Yaro yana kwance a ɗakinsa a Fagge yana karanta labarin kogin da bai taɓa gani ba, mu kuma muna tsallaka kogin nan safe da yamma a kan gada, ba mu rubuta masa ko shafi ɗaya da Hausa ba.

[Ɗan gajeren kiɗa]

Yanzu mu leƙa rayuwar irin wannan marubuci a zamanin da kasuwar takarda take ci. Akasari yana da wata sana'ar: malamin makaranta ne, ko ɗan kasuwa, ko tela, ko matar aure mai hidimar gida. Rubutun sai bayan asuba ko bayan isha'i, a littafin rubutu na 'yan makaranta, da biro. Idan ya cika sai ya kai wa mai kwamfuta ya buga. Daga nan mai zanen bango, wanda zai zana masa sadauki da ƙirji kamar dutse da wani dodo mai kai uku, ko da babu dodon a cikin labarin. Sai maɗaba'a, a buga a takarda mai araha. Duk kuɗin nan daga aljihunsa suke fita, ko kuma wani ɗan kasuwar littafi ya ɗauki nauyi, ya zama shi ke da ta cewa. In an gama bugu sai ya ɗora a babur ya zaga masu shaguna, ya bar musu bashi. Kuɗin ba sa dawowa a dunƙule. Yau a ba shi kaɗan, a ce ya dawo mako mai zuwa. Ga masu shagon haya, da za su sayi kwafi ɗaya mutum hamsin su karanta, shi ko sisi ba zai gani ba. Gidajen rediyo kuma su karanta littafin a iska, wanda hakan talla ce gare shi, ita ce ma ta kai labaran ga waɗanda ba su yi boko ba.

Daga wannan matsi aka samu dabarar da ta raya sana'ar, ita ce kuma ta yi mata illa: yanka labari kashi-kashi. Littafi na ɗaya, na biyu, na uku, wani har ya wuce haka. Kuɗin na ɗaya su ke buga na biyu. Kuma dole a tsaya a inda ran mai karatu zai tsinke, an ɗaga takobi ba a sauke ba, sai a ce a nemi na gaba. Dabara ce mai kyau, Shaharzadu ta Dare Dubu da Ɗaya ma da ita ta tsira da wuyanta. Amma idan marubuci ya ga ana saye, sai kwaɗayi ya shigo. Labarin da ya isa littafi biyu sai a ja shi zuwa biyar, kamar mai godogodo da ta ga layi ya yi tsawo ta ƙara ruwa a ƙwarya. A ƙara yaƙi a kan yaƙi, a ƙara dakaru daga dubu zuwa miliyan, jini ya yi ta malala, mai karatu yana juya shafi amma zuciyarsa ba ta motsi. Da yana da edita da ya ce masa ya isa. To ba shi da shi. 'Yancin da ya samu na rabuwa da kamfani, har da rabuwa da mai ce masa a'a a ciki.

Wannan ya kawo mu ga abin da na fi so ku riƙe a shirin yau. Mutane suna zaton labarin aljanu shi ne mafi sauƙin rubutu, tunda babu mai ƙaryata ka. Ka ce jarumi ya tashi sama, ya tashi. Ka ce dutse ya yi magana, ya yi. Ni kuwa ina ganin shi ne mafi wuya, saboda dalilin nan guda. Mai labarin soyayya duniya ta riga ta kafa masa doka: kuɗi suna ƙarewa, uba yana iya hanawa, mota tana lalacewa a hanya. Mai labarin almara shi zai kafa dokar da kansa, sannan ya zama na farkon da zai bi ta. Idan komai yana yiwuwa a duniyarka, to babu abin tsoro a cikinta, kuma inda babu tsoro babu mai jiran shafi na gaba.

Bahaushe bai buƙaci a koya masa wannan ba. Ku tuna yadda tsofaffi ke ba da labarin 'yan tauri da mafarauta da mayaƙan da. Ana maganar layar zana da baduhu da sagau da kau-da-bara da maganin ƙarfe. Ba ina kiran kowa ga waɗannan abubuwa ba, malamai sun yi bayanin hukuncinsu. Ina nuna muku yadda ake ba da labarinsu ne. Ba a taɓa ambaton asiri ba tare da sharaɗinsa ba. An ce kada ya ci kaza, kada ya kwana a wuri kaza, kada wance ta taɓa shi. Kuma kowane asiri da makarinsa. Shi ya sa idan ana ba da labarin wani hatsabibi, tun daga farko mai sauraro yake kasa kunne, yana jiran ranar da za a karya sharaɗin. Jiran nan shi ne labarin.

Bari in ƙaga muku misali a nan take. A ce wata yarinya a Alsahafa, ana gyaran gida bayan an dawo daga gudun hijira, ta tsinci wata tsohuwar laya a akwatin kakarta. Duk wanda ya ɗaura ta zai yi tafiyar wata guda a dare ɗaya. Idan na tsaya nan, ba ni da labari, tikitin mota kawai na ba ta. Yanzu in sa doka: duk tafiya ɗaya, sunan mutum ɗaya daga cikin danginta zai goge daga ƙwaƙwalwarta, kuma ba ita ke zaɓen wanda zai goge ba. Ƙaninta ya ɓace a hargitsin yaƙi, an ce an gan shi a Kosti, wani ya ce a Sinnar, wani ya ce ya ƙetara iyaka. Sau nawa za ta ɗaura layar? Idan ta same shi a tafiya ta bakwai, ashe sunansa ne ya goge a ta shida fa? Kun ga ban ƙara ko aljani ɗaya ba, ban kawo runduna ba, amma na san akwai wadda ta ajiye abin da take yi tana son jin ƙarshen. Doka ce ta yi wannan aikin. Kuma dokar ta kama ne saboda ta taɓa abin da muke tsoro da gaske a nan: rabuwa da dangi, da mantuwar asali.

Akwai wani wuri da nake so in taka a hankali. A littattafan yaƙi da yawa, idan jarumi ya shiga tsaka mai wuya, matsafa sun kewaye shi, sai ya ambaci sunan Allah, nan take tsafi ya rushe. Ta fuskar aƙida babu mai ja da wannan. Ta fuskar sana'a kuwa, wasu sun mayar da shi ƙofar gudu: duk inda suka ɗaure labari suka kasa kwancewa, sai su bi ta nan. Su duba ƙissar Annabi Yusufu, alaihissalam. Rijiya, bauta, ƙazafi, shekaru a kurkuku, sannan buɗi ya zo. Idan imanin jaruminka bai taɓa sa shi ya yi asarar komai ba, mai karatu ba zai ji nauyinsa ba ranar da ya cece shi.

Ga wani abin kuma. Ku tambayi duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a makaranta, shekara talatin ko arba'in baya, me ya fi tunawa. Da wuya ya ce muku aljanu. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ce, da yadda shi da Alhaji Imam suke ta ƙulla wa juna tsiya daga gari zuwa gari. Mutum mai hali, mai wayo da wauta irin namu, shi ke zama a rai. Sadaukin da ba ya jin yunwa, ba ya kuskure, ba ya ba da dariya, ana rufe littafi ake manta sunansa.

Ta yaya marubuci shi kaɗai zai tsare dokarsa? Ya ware littafi daban wanda ba na labari ba. A ciki ya rubuta sunan kowa da shekarunsa da danginsa, nisan wannan birni da wancan, me sihirin wane yake iyawa, me ba ya iyawa, wa ya mutu a babi na nawa. Tolkien na Ingila ya shafe shekaru yana ƙaga harsuna da tarihin duniyarsa kafin babban littafinsa ya fito a 1954 da 1955. Ba sai ka kai nan ba. Amma kada mutumin da ka kashe a littafi na biyu ya fito yana shan fura a na huɗu. Sannan ka nemi mutum biyu da ba sa jin kunyarka, ka karanta musu da baki. Inda suka fara duba waya, nan ruwan ya yi yawa.

[Kiɗa]

Masu saurare, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan marubucin labaran almara mai cin gashin kansa.

Akwai wani ƙorafi da nake da shi a kan yawancin littattafan yaƙi, duk da ina cikin masu jin daɗinsu. Duniyarsu ta aro ce. Birnin yana can wajen Misira ko Farisa ko Hindu, sunayen mutane an ƙera su ne don su yi kama da na Dare Dubu da Ɗaya. Aro ba laifi ba ne. Abubakar Imam ya ɗebo daga littattafan Larabawa da na Indiya da na Turawa ya gina Magana Jari Ce, amma da ya gama sai ka rantse a fadar wani sarkin Hausa aka haifi aku ɗin nan. Ya mayar da kayan aro nasa. Wanda ya tsaya a aro kawai yakan rubuta hamadar da bai taɓa jin zafinta ba.

Ku kuwa, ƙannena na Kartum da Umdurman, kayan suna bakin ƙofarku. A 1903 aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a yaƙin Burmi. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a suka yi gabas, har suka sauka a bakin Shuɗin Nilu kusa da Sinnar, garin da yake ɗauke da sunansa har yau. Mutanen nan sun taho da imanin cewa ƙaura zuwa gabas alama ce ta ƙarshen zamani. Bayansu da gabansu ga alhazan ƙafa, masu shekara da shekaru a hanya, su yi noma a nan, su yi leburanci a gonakin auduga na Jazira, a haifi yaro a Jinaina ya yi wayo a Al'ubayyid ya yi aure a Gadarif, wasu su kai Sawakin su hau jirgin ruwa, wasu su tsufa suna cewa baɗi. Jama'a guda da ta tashi neman wani wuri mai tsarki, ta zauna a rabin hanya shekara fiye da ɗari. Wane marubucin almara ne zai samu wannan ya tafi aron Bagadaza?

Nan ne nake neman bakinku, iyayenmu. Labaran rijiyoyin hanya, da kuraye, da dare a dajin da babu kowa, da abin da kakanninku suka ce sun gani a bakin kogi, a wurinku suke. Idan jikarki ta zo da waya ta ce, Kaka, ba ni labarin tahowarku, kada ki ce mata aikin banza ne.

Ga kuma taskar maƙwabtanmu. Akwai Ɗabaƙat na Wad Daifallah, malamin Halfayatul Muluk da ya rasu a farkon ƙarni na 19, tarihin malamai da waliyyai sama da ɗari biyu na zamanin daular Funj. Ba ina cewa karama almara ce ba. Abin da marubuci zai koya a wurinsa shi ne yadda ake faɗin abin mamaki: da sunan ƙauyen, da sunan wanda ya gani, da muryar da ake faɗin farashin dawa. Ba ya ɗaga murya, shi ya sa ake saurarensa. Ɗayyib Salih ya sha daga wannan rijiya a labarinsa na bishiyar goribar Wad Hamid. Farfesa Abdullahi Aɗɗayyib, wanda iyayenmu suka san muryarsa a tafsirin Rediyon Umdurman, bai ga ƙasƙanci ba wajen tattara tatsuniyoyin Sudan ya mayar da su littafi. Shi ne kuma ya shugabanci Kwalejin Abdullahi Bayero a Kano a shekarun 1960, wadda ta zama Jami'ar Bayero. Ga Faɗimatu Samha da gul a tatsuniyarsu, ga Gizo da Ƙoƙi da Dodo a tamu. Ga zar na matan Umdurman, wanda har sunan bori ake haɗa masa. Yaron da ya tashi da harsuna biyu ya gaji aljanun gida biyu.

Kuma almara tana iya ɗaukar abin da ya fi ƙarfin faɗa kai tsaye. Abdul'aziz Baraka Sakin, haifaffen Kasala a 1963, ya rubuta littafi a kan 'yan Jango, leburorin gonakin riɗi na gabas, ya ci kyautar Ɗayyib Salih a 2009. A wani littafin nasa na 2012 ya kawo wani mutum da ya bayyana a Darfur ana tsakiyar yaƙi yana da'awar shi ne Almasihu, gwamnati ta tura sojoji da kafintoci su gicciye shi. Ko ka yarda da salonsa ko ba ka yarda ba, ya faɗi abin da jarida ba ta iya faɗa a lokacin. A shekarar aka kwashe littattafansa daga baje kolin littattafai na Kartum, shi kuma ya koma Ostiriya da zama. Littattafan ba su daina yawo ba, daga hannu zuwa hannu, daga waya zuwa waya. Can a Amurka ma Nnedi Okorafor, wadda iyayenta 'yan ƙabilar Igbo ne daga Najeriya, ta kafa wani labarin sihiri a Sudan ta wani zamani mai zuwa, ya fito a 2010, ya ci babbar kyautar labaran almara ta duniya a 2011. Daga nesa ta hango ƙasar nan ta ga labari.

Masu iko ba sa raina littafi, ko da marubucin ya raina kansa. A Kano ma a 2007, zamanin Gwamna Ibrahim Shekarau, an ƙona littattafan Hausa a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, daga baya hukumar tace finafinai ta nemi marubuta su yi rajista. Mai cin gashin kansa ba shi da lauyan kamfani. Ya san wannan tun kafin ya ɗauki biro.

Saura tambayar da ta fi damun ku a nan, wadda ɗan Kano bai san da ita ba: da wane rubutu? Kun tashi kuna Hausa a gida, makaranta kuwa da Larabci kuka yi. Da yawanku idan aka ba ku littafin Hausar boko sai kun yi ta haɗa baƙi kamar 'yan aji ɗaya. Wanda ya rubuta da Larabci zai samu masu karatu a Sudan har Alƙahira, amma ya rasa Kano da Damagaram. Wanda ya koyi boko zai shiga kasuwar miliyoyin mutane, maƙwabcinsa na murabba'i ɗaya kuwa ba zai iya karanta shi ba. Ajami yana nan, shi ne rubutun kakanninmu, kuma ya fi kusa da hannunku, sai dai matasan Najeriya masu karanta labari a waya ba da shi suka saba ba. Ni shawarata, ka rubuta da wanda hannunka ya fi sakewa a ciki, sannan ka karanta shi da bakinka da Hausa ka naɗa. Murya ba ta da wannan shinge. Yau a Najeriya da Nijar dubban mutane ta YouTube da WhatsApp suke sauraron littattafan Hausa, suna tuƙi ko suna girki. Kuma kada ka goge Hausarka ta Sudan don ta yi kama da ta Kano. Kalmomin Larabcin da suka shiga bakinka, da tsofaffin kalmomin da kakarka ta riƙe waɗanda mutanen Kano suka daina ji, su ne abin da babu wanda zai kawo sai kai. Ɗaliban Najeriya da suka yi karatu a Jami'ar Afirka ta Duniya, nan kusa da mu, sun san daɗin wannan Hausa a kunne.

Maganar kuɗi kuwa, kada in yaudare ku. Kasuwar takarda ta Kano ta ja baya sosai tun da waya ta shigo. Marubuta da yawa, musamman mata, yanzu suna sakin shafukan farko kyauta a Facebook ko Wattpad, wanda ya ji daɗi ya biya a saka shi a rukunin WhatsApp inda ake ci gaba. A nan ma mai manhajar biyan kuɗi ta Bankak zai iya yin haka. Amma ka sani, ranar da ka saki babi, ranar wani zai tura wa wanda bai biya ba. Babu wanda ya gama maganin wannan. Masu dabara suna riƙe masu karatunsu ne da cika alkawari: an ce babi zai fito ranar Juma'a, ya fito ranar Juma'a, ko da wuta ko babu. Kada ka bar sana'arka, ko tuƙin raksha ne ko gasa agashe. Marubutan Kano da kuke jin sunansu, akasarinsu da wata sana'ar suka riƙe gida.

Kafin yaƙi akwai Mafrush, kasuwar tsofaffin littattafai da aka fara a 2012 a dandalin Atine a tsakiyar Kartum, ana shimfiɗa littattafai a ƙasa sau ɗaya a wata, marubuci ya haɗu da mai karanta shi ido da ido. Tun 15 ga Afrilun 2023 kowa ya san abin da ya samu birnin nan. A watan Mayun shekarar ɗakin karatu na Cibiyar Muhammad Umar Bashir da ke Jami'ar Ahliyya ta Umdurman ya ƙone, da littattafai da takardun da aka shekara da shekaru ana tarawa. A Fabrairun 2024 layukan waya suka ɗauke a yawancin ƙasar. Don haka duk wanda ya fara rubutu, kada ya bar shi a wuri ɗaya. Ka gama babi, ka ɗauki hoton shafukan, ka tura wa ɗan'uwa a wani gari, ka aika wa kanka ta imel, littafin dokar duniyarka ma ka yi masa haka. Muryar Kaka da ka naɗa, ita ce ta farkon da za ka tura.

Lokaci ya cimma mana. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu zauna da batun naɗar labari da waya: yadda ake zaɓen ɗaki, yadda ake sauya murya tsakanin sarki da bawa ba tare da an koma wasan yara ba, da tsawon da ya kamata kashi ɗaya ya yi don kada ya cinye wa mai sauraro data. Wanda yake da babi na farko a hannu ya shirya shi.

[Kiɗan rufe shiri]